Kuzar Jos da Abin da Aka Gano a Cikinta

Unguwar Ali Kazaure 'yar kuza ce, haka Gangare da Sarkin Arab da Abba Na Shehu da Garba Daho. Ba don baƙin yashin nan mai nauyi da ke kwance a gindin rafukan Filato ba, da wuya kakannin mutanen waɗannan unguwanni su baro Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Borno su zo su zauna cikin wannan sanyi. Wasu da diga da shebur suka zo, wasu da mudun awo, wasu da wuƙar fawa, wasu da allo da tawada. Wannan ɓangaren labarin kowane ɗan Jos ya ji shi a bakin manya. Ɓangaren da ba a cika bayarwa ba shi ne abin da ya sami ƙarfen bayan jirgin ƙasa ya tashi da shi. In ka tambaya, a ce maka gwangwani ake yi da shi. Gaskiya ne, an yi gwangwani. Amma kuza tana cikin ƙarafan farko da masana suka ɗora wa maganaɗisu da igiyar rediyo har suka ga yadda elektiron, wato ƙwayar da ke ɗauke da wutar lantarki, yake yawo a cikin ƙarfe. Kolambait kuma, wanda aka daɗe ana zubarwa a juji a Bukuru, shi ne uwar ƙarfen da ake naɗa maganaɗisu mafi ƙarfi na wannan zamani da shi. Tarihin nan namu ne ta wani gefe, kuma ya kamata mu san shi.

Tun kafin Bature ya taka ƙasar nan, maƙeran Hausa suna narka kuza a Liruwen Kano, daga baya kuma a Liruwen Dalma ta ƙasar Bauchi. Aikinsu na gwaninta ne. Sukan wanke yashin a ƙwarya har mai nauyin ya kwanta, su narka shi da gawayi a tanda ta laka, sa'an nan su zuba narkakken ƙarfen cikin siraran ramuka da suka fitar da tsinken ciyawa. In ya huce sai ya fito tsinke-tsinke, fari tas, a ɗaure shi dami-dami a kai kasuwa, inda maƙeran tagulla ke saya su shafe tasoshi da shi. Waɗannan tsinkayen ne suka faɗa hannun ma'aikatan Kamfanin Neja a bakin Binuwai, su kuwa suka ce sai sun ga inda abin yake fitowa. A 1902 George Nicolaus ya biyo sawu har kogin Dilimi. Bayansa H. W. Laws ya zo da rakiyar sojoji ya kafa sansani a Naraguta. Cikin 'yan shekaru kamfanoni suka cika tsaunin, dokar Turawa ta mayar da ma'adinan ƙasa mallakar gwamnati, tandunan Liruwai suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Birom da Anaguta da Afizere da maƙwabtansu suka ga gonakinsu suna komawa ramuka. A 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso, a 1927 babban layi ya hauro ta Kafanchan. Daga nan kuza ba ta ƙara narkewa a gida ba sai bayan 'yancin kai. Ɗanyenta ake zubawa a buhu a kai Ingila, mafi yawa zuwa matatar Williams Harvey da ke Bootle kusa da Libaful, inda take haɗuwa da ta Bolibiya. Da zarar an narka an tace, ba mai iya rabe ta Jos da ta Malaya. Kuza kuza ce.

A daidai waɗannan shekaru, a Turai ana fama da wata tambaya: me ya sa ƙarfe yake ɗaukar wutar lantarki, itace da gilashi ba sa ɗauka? A 1897 J. J. Thomson ya gano elektiron a Kambirij. A 1900 Paul Drude na Jamus ya ce ai a cikin ƙarfe wasu elektiron sun kuɓuce wa ƙwayoyin zarra da suka haife su, suna yawo sakaka, suna karo da abin da suka tarar. Bayanin ya warware wasu abubuwa, ya bar wasu a ɗaure. Alal misali, tun 1879 Edwin Hall a Amurka ya nuna cewa in wuta tana bi ta cikin fallen ƙarfe aka kawo maganaɗisu, takan karkata gefe guda. To amma a jan ƙarfe ta karkata nan, a tutiya ta karkata can, alhali elektiron ɗin iri ɗaya ne. Ba wanda ya iya cewa ga dalili.

Sanyi ne ya buɗe ƙofar. A 1908 Heike Kamerlingh Onnes, a garin Laiden na Holan, ya mayar da iskar hiliyam ruwa, a sanyin da ya kai digiri 269 ƙasa da sifili. Hunturun Jos da muke kuka da shi, ba kasafai yake sauka ƙasa da digiri 10 sama da sifili ba. A 1911 Onnes ya tsoma zaiba cikin wannan sanyi ya ga turjiyar da take yi wa wutar lantarki ta ɓace gaba ɗaya. A 1913 ya ba da labarin cewa kuza ma haka take yi in sanyi ya ƙara sauka kaɗan, dalma kuwa tun sanyin bai kai haka ba take yi. Tun daga ranar kuza ta zama ta hannun daman masu wannan bincike, domin tana narkewa da wuri a digiri 232, tana tacuwa sosai, kuma ba wuya a zuba ta ta daskare ƙwayoyinta a jere reras daga wannan baki zuwa wancan, ba karkata ba gaɓa. A 1933, a Balin, Walther Meissner da Robert Ochsenfeld suka gano cewa ƙarfen da ya shiga wannan hali yakan kore ƙarfin maganaɗisu daga cikinsa. Da sandunan kuza da na dalma suka yi gwajin.

Kafin nan, tsakanin 1927 da 1928, Arnold Sommerfeld da Felix Bloch sun gyara maganar Drude da sabon ilimin kwantam. Abin da ya fito ya ba kowa mamaki. Elektiron ba sa yarda su taru a hali guda, don haka suna hawa bisa juna ta fuskar kuzari, mataki-mataki, na ƙasa a danne, na can sama kaɗai ke da sararin motsi. Waɗannan na saman su ne ke ɗaukar wuta da zafi, kuma gudunsu a jan ƙarfe ya haura kilomita 1,500 a daƙiƙa ɗaya, ko da an daskarar da ƙarfen iyakar daskarewa. In aka zana ƙarfin tafiyarsu ta kowace fuska, gabas da yamma da sama da ƙasa, sai wata siffa ta fito wadda ake kira taswirar Fermi, da sunan masanin Italiya Enrico Fermi. Kowane ƙarfe da tasa, kuma ita ke yanke yawancin halayensa. Matsalar ita ce shekara kusan talatin ana maganarta a takarda ba wanda ya auna ta a ƙarfe na sosai. Alama ɗaya aka samu: a 1930 de Haas da van Alphen a Laiden suka ga ƙarfen bismut yana amsa maganaɗisu da hawa da sauka, hawa da sauka, yayin da ake ƙara masa ƙarfi. An ɗauka wani baƙon hali ne na bismut kaɗai. Sai a 1952 Lars Onsager ya nuna cewa wannan hawa da saukar awon faɗin taswirar ne.

Bari mu dawo gida, domin a shekarun nan maganaɗisu ya fara aiki a Filato. Duk wanda ya taɓa leƙa shagon tace kuza ya ga injin. Ana busar da yashin, a zuba shi ya bi bisa bel siriri-siriri, ya ratsa ƙarƙashin maganaɗisu na lantarki. Wasu ƙwayoyi su ɗago su manne, a share su gefe zuwa wani buhu. Wasu su wuce abinsu kamar ba su ga komai ba. Masu wucewa su ne kuza. Masu ɗagowa a matakin da aka ƙara wa injin ƙarfi, a cikinsu kolambait yake. A ido duka baƙaƙe ne masu nauyi, ruwa ma ba ya raba su da kyau. Abin da ya raba su yana can ciki: kolambait yana ɗauke da baƙin ƙarfe da manganis, waɗanda ƙwayoyinsu ke da elektiron marasa abokan haɗi, kowanne ɗan ƙaramin maganaɗisu ne a kan kansa, a dutsen kuza kuwa duk elektiron sun haɗu biyu-biyu sun kashe ƙarfin juna. Mai aikin injin yana juya maɓalli, yana duba launin abin da ke zuba, yana murza shi a tafin hannu. Halin elektiron yake aiki da shi ko bai taɓa jin sunansa ba. Wutar da ta fara juya irin waɗannan injuna daga Kwall da Kurra ta fito, tashoshin ruwa da aka gina domin ma'adinai tun shekarun 1920, lokacin da yawancin biranen Arewa ba su san lantarki ba.

Sai yaƙin Hitila ya zo, ya taɓa ɓangarorin labarin nan biyu a lokaci guda. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wadda ita ce rumbun kuzar Ingila. Ido ya dawo kan Jos. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar aikin tilas, abin da mutanenmu suka kira ɗiban gwamna. Aka bi lardunan Arewa ana ɗora wa hakimai da dagatai adadi, aka kwaso talakawa dubun-dubata daga gonakinsu. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato aka tsayar da shi cikin ruwan sanyi da kwanon sarki a ka, ba bargo, ba isasshen abinci. Da yawa sun gudu, da yawa ciwon haƙarƙari da sauran cututtuka sun kashe su, aka binne su nesa da danginsu. A 1943 abin da aka haƙo ya kai wajen tan 17,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, ba a kuma sake kaiwa ba. A 1944 aka janye dokar. Duk wanda zai yi maganar amfanin da duniya ta ci da kuzar Jos, to ya fara ambaton waɗannan bayin Allah. Allah ya jiƙansu.

A Ingila kuwa yaƙin ya tilasta wa masana inganta na'urar hango jiragen sama. A 1940, a Bamingam, John Randall da Harry Boot suka ƙera bututun da ke fitar da igiyar rediyo mai ƙarfi wadda tsawon zangonta bai wuce 'yan santimita ba. Igiyar rediyo ba ta ratsa ƙarfe. Iyakarta wata 'yar fata a samansa, wadda a irin wannan zango kaurinta wajen kashi ɗaya cikin dubu na milimita ne. A wannan shekarar Heinz London, Bayahuden Jamus da ya yi gudun hijira zuwa Biristol, ya haska wa kuza mai sanyi igiyar da ke kaɗawa sau miliyan 1,500 a daƙiƙa, ya lura cewa tana shan igiyar fiye da yadda lissafi ya ce. Ya rubuta abin da ya gani, yaƙi ya ɗauke hankalin kowa.

Wanda ya ɗauko zaren shi ne Brian Pippard, saurayin da ya yi shekarun yaƙi yana aikin na'urar hango jirage, ya koma Kambirij a 1945 da wannan ƙwarewa. Da kuza da zaiba ya fara. Bayanin da ya bayar a 1947 mai sauƙin kamawa ne. A zafin ɗaki elektiron ba ya nisa sai ya yi karo, saboda ƙwayoyin ƙarfen suna rawar zafi. A tsananin sanyi, cikin tataccen ƙarfe, yakan yi tafiyar da ta ninka kaurin fatar nan sau ɗaruruwa bai taɓa komai ba. Saboda haka wanda ya nufo sama kai tsaye, ko ya nutsa ƙasa, kafin igiyar ta yi masa wani abu ya riga ya fice. Waɗanda ke bin shimfiɗar fatar a kwance su kaɗai suke jin ta. Ashe ke nan igiyar rediyo tana zaɓen elektiron gwargwadon inda suka dosa. In ka yanka ƙarfe ta fuskoki dabam-dabam ka auna yadda kowace fuska ke shan igiyar, za ka iya haɗa siffar taswirar Fermi. Pippard ya tafi Chikago a 1955 ya yi wannan aiki da jan ƙarfe, ya buga sakamakon a 1957: taswirar ta fito kusan ƙwallo, amma da wuyoyi takwas da suka miƙe waje. Ita ce ta farko da aka fitar wa ƙarfe na yau da kullum. Bayan 'yan shekaru David Shoenberg, a ɗakin bincike guda da shi, ya tabbatar da ita ta hanyar de Haas da van Alphen.

Hanyar da ta fi burge ni ita ce ta biyu, wadda ta haɗa maganaɗisu da rediyo a wuri guda. Elektiron in ya shiga ƙarfin maganaɗisu ba ya tafiya a miƙe, kewaye yake yi. Yawan kewayen a daƙiƙa ya dogara ga abu biyu kawai: ƙarfin maganaɗisun da nauyin elektiron ɗin. A ƙarfin tesla ɗaya, wanda ya ninka na ƙasar da muke takawa fiye da sau 20,000, sakakken elektiron yana kewayawa sau biliyan 28 a daƙiƙa. In aka aiko masa da igiyar rediyo mai kaɗawa daidai da haka, kowane zagaye sai ta ƙara masa ƙarfi, shi kuma ya sha ta, na'ura ta nuna cewa an sha. Daga nan sai lissafi ya ba da nauyinsa. A 1953 Dresselhaus da Kip da Kittel a Bakili ta Kalifoniya suka yi wannan da jamaniyam, daga baya da silikon, abubuwan da ake ƙera taransista da su. Suka tarar elektiron a cikin jamaniyam yana nuna nauyin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa na asali ba in ya bi wata fuska, ya kuma fi na asalin nauyi in ya bi wata. Jerin ƙwayoyin da yake ratsawa ne ke sauya masa hali. Har akwai waɗanda ke kewayawa ta baya, kamar masu ɗauke da kishiyar wuta, kuma irinsu ne suka sa tutiya ta saɓa wa jan ƙarfe a gwajin Hall.

A ƙarfe na sosai kuwa an ɗauka abin ba zai yiwu ba, tunda igiyar ba ta shiga. Faɗin kewayen elektiron ya ninka kaurin fatar kamar sau ɗari. Yawancin tafiyarsa a cikin duhu yake yin ta, inda igiyar ba ta kai. Samari biyu a Kharkob ta Yukiren, Mark Azbel da Emanuil Kaner, almajiran makarantar Ilya Lifshitz, dukansu ba su wuce shekara 25 ba, su suka ga mafita a 1956. Suka ce a kwantar da ƙarfin maganaɗisun daidai da shimfiɗar ƙarfen, kada ya karkata. In an yi haka, wasu elektiron za su riƙa nutsawa ciki suna dawowa, kowane zagaye su leƙo cikin fatar sau ɗaya. Kamar mai tura yaro a lilo ne: ba ya bin lilon, yana tsaye wuri guda, sai ya dawo gabansa ya tura. Abin da ake bukata kawai shi ne duk sanda elektiron ya leƙo ya tarar da igiyar tana turi ta fuskar da ta tura shi a baya. Ko ta kaɗa sau ɗaya kafin ya dawo, ko sau biyu, ko sau uku, duk daidai ne. Saboda haka suka ce ba amsa ɗaya za a gani ba, jeri za a gani: a wani ƙarfin maganaɗisu, da rabinsa, da sulusinsa, da rubu'insa.

A cikin shekarar nan ta 1956 Eric Fawcett, wanda ya yi karatunsa a Kambirij, ya ga alamar farko. Ƙarafa biyu ya gwada: kuza da jan ƙarfe. A 1957 Kip da abokan aikinsa suka sake gwadawa da kuza, amsar ta fito sarai. A Mosko, a cibiyar da Pyotr Kapitsa ya kafa, Mikhail Khaikin ya shafe shekaru yana zuba kuza mai tsabtar gaske cikin mazubi mai santsi, domin fuskarta ta fito sumul ba sai an goge ba, yana bin kewayen elektiron ɗinta ta kowace fuska. A 1962, a wannan cibiya, Vsevolod Gantmakher ya ƙara wata dabara. Ya ɗauki fallen kuza da kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ba, ya yi amfani da igiyar da ba ta fi ta rediyon gajeren zango ba, irin wanda a shekarun nan mutanen Jos ke kama Sashen Hausa na BBC da shi tun buɗe shi a 1957. Yana rage ƙarfin maganaɗisu, kewayen elektiron yana faɗaɗa, har ya kai inda zai taɓa fuskar sama da ta ƙasa a lokaci guda. Nan take na'ura ta nuna. Kaurin fallen sananne ne, don haka faɗin kewayen ya sanu, daga shi kuma faɗin taswirar Fermi. Mutum ya auna hanyar abin da ido ba zai taɓa gani ba, da ma'aunin kauri da akwatin rediyo da ruwan hiliyam. Ina ganin wannan yana cikin ayyukan hankali mafi kyau da aka yi a ƙarnin da ya wuce, kuma abin lura, rabinsa a Tarayyar Sobiyat aka yi, rabi a Yamma, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, kowane ɓangare yana karanta mujallun ɗayan.

Lokacin da ake wannan, Jos tana cikin zazzaɓin kolambait. Ƙarfen da ke cikinsa, niyobiyam, wanda Charles Hatchett ya gano a Landan a 1801, yana hana baƙin ƙarfe lalacewa a tsananin zafi, injin jirgin yaƙi kuwa abin da yake bukata ke nan. Da yaƙin Koriya ya ɓarke, Amurka ta shiga tara shi, daga 1952 ta riɓanya farashin da take biya. Nijeriya ce ke ba duniya mafi yawansa a lokacin. Aka koma kan tsofaffin jujin da aka zubar shekaru ashirin, aka sake bi da su ta ƙarƙashin maganaɗisu. Kuɗi ya shigo gari, 'yan kwangila da 'yan tireda da masu motocin haya suka samu, a 1955 abin da aka fitar ya kai wajen tan 3,000. Da Amurka ta cika rumbunta ta daina saye, farashi ya faɗi. Daga baya Barazil ta buɗe ma'adinin garinta na Arasha, wanda har yau shi ke ba duniya mafi yawan niyobiyam, kasuwar ta bar mu.

Abin da ya biyo baya shi ya fi tsaya mini a rai. A 1954 Bernd Matthias, a ɗakunan binciken Bell na Amurka, ya haɗa niyobiyam kashi uku da kuza kashi ɗaya, ya sami gauraye mai rasa turjiya a digiri 255 ƙasa da sifili, wanda a lokacin ba abin da ya kai shi jure ɗumi. Ƙarafa biyun da Allah ya haɗa a yashin Dilimi, waɗanda injinan Bukuru suka yi shekaru suna rabawa, su aka sake haɗawa. A 1961 Eugene Kunzler ya nuna cewa wayar da aka yi da wannan gauraye tana ɗaukar wuta mai yawan gaske ko a cikin maganaɗisun da ya kusa tesla 9, ba ta yi zafi ba, ba ta sare ba. Daga nan zamanin manyan maganaɗisu ya fara. Shekara guda bayan haka aka gane amfanin gaurayen niyobiyam da titaniyam, wanda ya fi sauƙin ja a yi waya. Shi ke naɗe cikin na'urar MRI ta asibiti, wadda ita ma maganaɗisu da igiyar rediyo take haɗawa ta ɗauki hoton cikin jikin mutum, sai dai ita da ƙwayoyin haidirojin na ruwan jiki take magana. Shi ne kuma a cikin manyan maganaɗisu 1,232 da ke kewaye da ramin CERN mai tsawon kilomita 27 a iyakar Faransa da Suwizalan. Majinyacin da aka tura daga Jos ya je ya kwanta cikin wannan na'ura, ya biya kuɗin da ya girgiza gidansu, a cikin irin ƙarfen da kakansa ya ɗauka a ka yake kwance.

Mu kuwa me ya rage mana? A farkon shekarun 1960 aka buɗe matatar Makeri, kuza ta sake narkewa a gida bayan rabin ƙarni. A 1972 gwamnati ta kafa Hukumar Ma'adinai ta Ƙasa da hedikwata a Jos. Amma kuzar da ke kusa da sama ta riga ta ƙare, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, a Oktoban 1985 kuma kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Landan. Kamfanoni suka naɗe tabarma. Suka bar tafkuna birjik daga Rayfield zuwa Barikin Ladi, waɗanda ke cin yara da dabbobi, da tulin yashi mai ɗauke da monazait da zirkon masu fitar da tururin da ke cutarwa in an daɗe ana cuɗanya da su, har wasu na kwasa su yi gini. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yau samari da mata ne ke shiga ramukan loto da igiya da fitila a goshi, rami yana rubzawa da su, abin da suka samo kuma ɗanye ake saye a fita da shi kamar yadda aka yi a 1914.

Kuzar dai tana dawowa, amma da wata kama. Kusan rabin wadda duniya ke amfani da ita yau a dalmar haɗa kayan lantarki take tafiya. Ka tsaya gaban mai gyaran waya a Ali Kazaure ko a Taminus ka ga yadda yake ɗora bakin ƙarfe mai zafi kan siririyar wayar dalma, ɗigo ɗaya mai sheƙi ya gangaro ya kama ƙafar wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gero ba. Mafi yawan ɗigon nan kuza ce. Ɗan abin da ya kama kuwa silikon ne a cikinsa, wanda masu tsara shi suke aiki da nauyin elektiron ɗin da aka fara aunawa a shekarun 1950. Yaran nan suna da hannu da ido da haƙuri, irin waɗanda Khaikin ya yi aiki da su. Abin da ba a ba su ba shi ne ilimin da ke bayan abin da suke taɓawa.

Jos ba ta rasa inda za a fara ba. Akwai Jami'ar Jos da sashenta na fiziks, wadda ta tsaya da ƙafarta tun 1975. Akwai Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa a hanyar Zariya. Akwai gidan tarihi da Bernard Fagg ya buɗe a 1952, wanda shi kansa gumakan Nok da aka tono a ramukan kuza ne suka haife shi. Ba a yini ɗaya ake kafa ɗakin bincike mai ruwan hiliyam ba, amma kai 'yan sakandare shagon tace kuza bai fi ƙarfin kowace makaranta ba. Ina roƙon malaman kimiyya na makarantun Ali Kazaure da Gangare da Unguwar Rogo, da shugabannin waɗannan cibiyoyi, su haɗa kai su riƙa kai ɗalibai gaban injin maganaɗisu sau ɗaya a kowane zangon karatu. A ba kowane yaro kuza a hannun dama, kolambait a hannun hagu, a bar shi ya zuba su a bel da kansa, sa'an nan a yi masa bayanin dalilin da ya sa ɗaya ya ɗago ɗaya ya wuce, da Hausar da zai gane.